Shekarar Nomau a Lambun Bakin Kasuwa

A ƙauyen Rafin Kanya an yi wani mutum mai suna Nomau. Gidansa ba wani babban gida ba ne, ɗaki biyu ne da rumbu guda, sai matarsa Tabawa, da tsohuwarsa Inna wadda kunnenta ya yi nauyi, da wata akuya mai taurin kai da ta addabi maƙwabta. Nomau ba rago ba ne, kada ma wani ya yi masa wannan ƙazafi, aikin mutum uku yake yi shi kaɗai. Matsalarsa guda ce: duk abin da ka ce ya yi, shi zai yi, cif yadda ya fito daga bakinka, ba ƙari ba ragi. In ka sa shi noma ka manta ba ka nuna masa iyaka ba, sai dai ka je ka tarar da shi a gonar maƙwabcinka yana ta zuba gumi.

Kowace shekara in an gama girbi yakan tafi birni cin rani, kuma bai taɓa cika wata guda ba a koro shi ba. Har ta kai in ya rataya jakarsa zai fita, matasan da ke zama a bakin masallaci sukan ɗaga murya su ce, "Nomau, a ajiye maka tuwon dare ne?" Yakan taya su dariya, amma abin yana cinsa a rai ƙwarai, Tabawa kuma ya fi cin ta.

To Tabawa tana da kawu a birni, Malam Jafaru, shi ne shugaban sashen kula da lambuna da wuraren wasa na ƙaramar hukuma. Ta yi ta sintiri gidansa da kaji da man shanu har ya gaji ya ce a kawo masa surukin nasa. Ya ba shi aikin lebura a Lambun Bakin Kasuwa, da ɗan ɗaki a jikin ƙofar shiga inda za su zauna shi da matarsa.

"Gwaji ne na shekara guda," in ji Malam Jafaru. "In ka cika ta, aiki ya zama naka na dindindin. Amma ka sani, lambun ma kansa a gwaji yake. Ciyaman ya ce in ƙarshen shekara ta zo bai ga amfanin wurin ba, zai ba ɗan kwangila ya gina shaguna. Saboda haka bana sai mun yi aikin da zai gani da idonsa."

Nomau ya durƙusa har ƙasa. "Kawu, sai na cika ta in Allah ya yarda. Wannan karon ba mai koro ni."

Wata rana sashen ya shirya gasar ƙwallo tsakanin unguwanni, aka wayi gari filin ba shi da layi. Malam Jafaru ya miƙa wa Nomau bokitin toka ya ce, "Ka biyo ni a baya. Duk inda na taka, ka zuba." Suka kama hanya, gefe ɗaya ya fita sambal, gwanin sha'awa. Ana cikin haka sai wayar Malam Jafaru ta yi ƙara, maiɗakinsa ce take neman mabuɗin ɗakin ajiya, ta rantse shi ya fita da shi. Shi kuwa Malam Jafaru mutum ne da ba ya iya musu a tsaye wuri ɗaya. Ya shiga tsakiyar fili, ya zagaya, ya dawo, ya sake zagayawa. Murya ta fara yankewa, ya hau wani suri yana neman inda zai ji ta sosai. Ya sauko ya nufi gindin mangwaro wajen mai rake ya zaɓi sanda ɗaya, yana sha yana ba da amsa. Daga nan ya zaga bayan katanga ya kama ruwa. Nomau dai da kunyar suruki, bai bi shi nan ba, ya tsaya nesa ya kau da kai, sai da ya ga ya fito sannan ya je ya cike layin. Ko da Malam Jafaru ya kashe waya ya waiwaya, ga 'yan wasa sun iso, ga alƙalin wasa da usur a baki ya kasa hurawa, kowa ya zuba wa filin ido.

"Nomau! Me na ce maka?"

"Ka ce duk inda ka taka, Kawu. Wuri ɗaya ne ya ba ni wahala, inda ka tsallake kwata. Shi ma na zuba kaɗan a ruwan."

Lokaci ya ƙure, ba halin gyara, haka aka fara wasa. Yaran Unguwar Majema suka ce ai layi layi ne, ɗayansu ya ja ƙwallo ya bi ta gindin mangwaro, ya zaga bayan katanga, ya ɓullo ta bayan gola ya zura. Gardamar da aka yi kan wannan ci ta fi wasan kansa daɗewa. Mai rake ne kaɗai ya yi godiya, don ranar bai koma gida da ko sanda ɗaya ba.

Wata rana, ana shirin bikin ranar yara, aka kira mai fenti ya shafe lilo da abin sulu da ja da kore, suka yi kyau kamar sababbi. Malam Jafaru ya ce wa Nomau, "Ka tsare su. Kada kowa ya taɓa sai fentin ya bushe." Nomau ya samo gora ya kafa kansa a wurin, rana ta dake shi, ko tsuntsu ya nufo sai ya kora. Sati ya zagayo, ranar biki ta zo, makarantu suka yi jerin gwano da malamansu. Malam Jafaru yana can babban filin gari wajen fareti. Yara suka ruga wajen lilo da ihu, suka yi turus, ga Nomau da gora.

Wata malama ta matso. "Malam, ai fentin nan ya bushe tun tuni."

"Ta yaya kika sani, Malama?"

"Taɓa ka ji mana."

"An ce kada kowa ya taɓa sai ya bushe."

"To in ba a taɓa ba, yaya za a yi a san ya bushe?"

"Wallahi Malama, abin da yake damuna ke nan tun ranar."

Aka yi juyin duniya, Nomau ko gezau. Yara suka koma makaranta suna kuka. Mai hoton da aka ɗauko don a samu abin nuna wa Ciyaman a ƙarshen shekara ya ɗauki abin da ya gani, wato yara sun yi layi suna kallon lilo da hawaye, wani ƙato kuma ya tsaya a gabansu da gora. Da Malam Jafaru ya ga hoton sai ya ce wa mai hoton ya rufa masa asiri ya goge.

Wata rana, bayan ruwa ya sauka, aka yi gangamin dashen itatuwa. Aka ja igiya daga wannan kusurwar katanga zuwa waccan, aka ba Nomau dashen darbejiya da wata sanda, aka ce ya bi igiyar, duk tsawon sanda ya haƙa rami ya dasa ɗaya. Igiyar kuwa ta ratsa ta bakin ƙofar shiga. Nomau ya auna, ya sake aunawa, tsawon sanda ya faɗa tsakiyar ƙofa daidai. Ya fasa siminti da diga, ya dasa, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Da safe Malam Jafaru ya zo da motarsa ya tarar da darbejiya ta riga shi shiga. Ya ajiye motar a titi, ya raɓa ta gefe, ƙaya ta kama masa babbar riga ta yage har ƙugu. Ranar ko faɗa bai iya yi ba, kai kawai ya riƙa girgizawa.

Wata rana kuma aka kawo ciyawar ado a babbar mota daga nesa, irin lallausar nan da ake shimfiɗawa a gidajen manya. Aka dasa ta a gaban lambun, ta kama, ta yi kore shar, masu wucewa har tsayawa suke suna kallo. Da ita Malam Jafaru yake taƙama fiye da komai a aikin bana. Sai aka tura shi kwas babban birnin jiha. Zai tafi ya kira Nomau ya nuna masa wurin ya ce, "Ka ga nan? Ka kula da shi kamar yadda kake kula da gonarka." Aka yi rashin sa'a Tabawa ta je ƙauye duba Inna, ba mai taka masa birki. Nomau ya tsaya ya dubi wurin, kunya ta kama shi. A Rafin Kanya duk wanda aka ga gonarsa da ciyawa haka ana tsakiyar damina, ko 'ya ba za a ba ɗansa ba. Ya wasa fartanya ya faɗa mata. Ya nome ta tas, ya tara, ya shanya, ya ƙone. Ya ari garma ya ja kunyoyi miƙaƙƙu, ya shuka wake. Ko da Malam Jafaru ya dawo, wake ya fara yaɗo.

"Nomau, ina ciyawata?"

"Ko ƙwara ban bari ba, Kawu. Taurin kai gare ta, sai da na bi ta sau biyu."

Malam Jafaru ya zauna daɓas a kan kunya da fararen kayansa. Da ya samu numfashi ya ce Nomau ya tattara komatsansa ya bar masa wuri. Da yamma Tabawa ta dawo ta ji labari, ko mayafi ba ta ajiye ba ta wuce gidan kawunta, ta durƙusa a tsakar gida ta ƙi tashi.

"Kawu, ka dubi Allah. Kai ka ce masa kamar gonarsa. Ka taɓa ganin gonarsa da ciyawa?"

Kowane karo nan ake kama Malam Jafaru, don da bakinsa ya faɗa. Ya ce, "Albarkacin uwarki na bar shi. Amma wallahi ya ƙara ɗaya, ko ke ma kada in ga ƙafarki a nan."

Tun daga ranar Nomau ya ƙara ɗaure ɗamara. Tsoro ya shige shi, ba na yunwa ba, na ranar da zai sauka daga mota a Rafin Kanya da jakarsa a kafaɗa. Kafin kowa ya zo ya share lambun, ya ba itatuwa ruwa, ya wanke bayi, ya buɗe wa dattawa masu tattakin safe ƙofa. Tabawa ta ce masa, "Malam, in an sa ka aiki ka riƙa tunani kafin ka yi." Ya ce to. Sai ya zamana duk aikin da aka sa shi, zai tsaya ya dafe haɓa na ɗan lokaci, sannan ya je ya yi shi cif yadda aka faɗa.

Wata rana, ana saura 'yan kwanaki bikin ƙarshen shekara, inda sashen zai nuna wa Ciyaman ayyukansa a yanke wa lambun hukunci, Malam Jafaru ya fito a gigice. Ya yi odar rumfa ɗaya, da kujerun roba kaɗan, da 'yan akwatunan lemo. Masinjan ofis ba shi da lafiya, ga Nomau a tsaye da tsintsiya. Yana shiga mota ya ce, "Nomau, je ka gayyato duk wanda ya amfana da lambun nan bana, ka ce su zo ranar biki." A ransa kyaftin-kyaftin na ƙwallo yake nufi, da shugabannin makarantu, da shugabar ƙungiyar mata masu motsa jiki. Nomau ya dafe haɓa ya yi tunani. Shi ne mai kwana a bakin ƙofa, ba wanda ya shiga lambun nan bai gan shi ba. Ya ɗaura takalminsa na taya ya shiga gari unguwa-unguwa, ƙafarsa ta kumbura bai fasa ba.

Ranar biki Malam Jafaru ya iso ya kasa gane wurin. 'Yan acaɓa masu shan inuwa da rana tsaka sun jera baburansu har bakin kasuwa. Ga mata masu shanya barkono a bayan katanga, ga ɗalibai masu zuwa bitar jarrabawa, ga wanzami da duk waɗanda ya aske a gindin mangwaro. Ga amare da angwayen da suka zo ɗaukar hoto, wasu har da goyo. Makafin da ke hutawa in sun taso daga kasuwa sun zo riƙe da sandar juna. Wani Bafulatani da ya taɓa fake wa ruwan sama ya zo da shanunsa, don Nomau ya ce masa ai su ma sun fake. Lemo ya ƙare tun kafin a ɗaura lasifika. Kujeru kuwa ba a maganarsu.

"Nomau ya kashe ni," in ji Malam Jafaru. "Ina yake? Yau ko uban waye ya roƙe ni sai ya tafi!"

Ya kutsa yana nemansa, sai ga shi zaune a layin gaba cikin rumfa da rigarsa ta sallah, Tabawa a gefensa ta rufe fuska da mayafi don kunya.

"Me kake yi a kujerar baƙi?"

"Mu ma mun amfana, Kawu. Sai na gayyace mu."

Kafin Malam Jafaru ya ce wani abu aka ji jiniya. Ciyaman ya iso, ɗan kwangila yana biye da shi da tef ɗin awo a hannu, don dama sun gama magana, bikin cika al'ada ne kawai. Mota ta kasa ratsa mutane, dole Ciyaman ya sauko ya taka. Da ya ga yawan kawuna sai ya ɗauka zanga-zanga aka haɗa masa. Ya dubi Malam Jafaru ya ce, "Su waye waɗannan?" Malam Jafaru ya fara in'ina, gumi yana tsiyaya ta ƙarƙashin hula. Ciyaman ya juya ga wata tsohuwa da ke kusa da shi, tana dogara sanda ɗaya, tana rungume da wata.

"Iya, me ya kawo ki nan?"

"Wancan bawan Allah ne ya je har gida yana neman maigidana," in ji ta, ta nuna Nomau. "Na ce masa ai Malam ya rasu da azumi. Sai ya ce shi dai an ce duk wanda ya amfana, kuma Malam ya amfana. Shi ne na ɗauko sandarsa na zo."

"Me ya amfana da shi?"

"Ɓarin jikinsa ne ya shanye, ɗana. Likita ya ce ya riƙa takawa. A lungunmu ina zai taka, ga kwata ga babura? Nan yake zuwa kullum yana dafa katangar can, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Da ƙafarsa ya je sallarsa ta ƙarshe." Ta gyara riƙon sandar. "Na ji ana cewa za a yi shaguna. Ni dai ban san komai ba."

Wata saniya ta yi kuka daga baya. Ciyaman ya yafito Nomau, ya zo ya durƙusa.

"Kai ka tara mutanen nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. A gafarce ni, ban gama ba. Akwai wasu direbobi da suka yi sallah a nan, na rasa garinsu."

"Na gan ka a kujerar baƙi. Kai me ka amfana?"

"Ranka ya daɗe, nan ne wuri na farko da na kusa cika shekara ba a kore ni ba."

"Kusa?"

"Saura gobe. Amma na ga fuskar Kawu, ban sani ba ko zan kai."

Mutane suka fashe da dariya, Tabawa kuwa hawaye ne ya zubo mata a cikin mayafi. Ciyaman bai yi dariya ba, ya ɗaga kai ya bi taron da kallo tun daga rumfa har bakin kasuwa. Ko maganar tsohuwa ce ta taɓa shi, ko tuna cewa zaɓe ya gabato kuma duk mai kai a nan yana da ɗan yatsan dangwala ƙuri'a, wannan sai Allah. Ya karɓi lasifika ya ce shi tun fil azal bai taɓa tunanin taɓa lambun talakawa ba, masu yaɗa maganar shaguna 'yan adawa ne. Ya yaba wa Malam Jafaru kan hikimar da ya yi ta kawo jama'a da kansu maimakon dogon jawabi. Guɗa ta tashi, 'yan acaɓa suka danna ham gaba ɗaya, shanu suka firgita suka ture rumfa. Ɗan kwangila ya cusa tef ɗinsa a aljihu ya sulale.

Da aka watse, lambu ya koma kamar kasuwar da ta tashi, ɓawon rake da kashin shanu ko'ina. Malam Jafaru ya daɗe a tsaye yana kallon surukinsa, ya rasa faɗa zai yi ko godiya. Daga bisani ya miƙa masa hannu.

"Shi ke nan, Nomau. Ka cika shekara."

Nomau ya noƙe hannunsa a baya. "Ba ta cika ba, Kawu. Da hantsi ka ɗauke ni, sai gobe da hantsi."

Ya tuɓe rigar sallah ya miƙa wa Tabawa, ya ɗauki tsintsiya ya fara daga bakin ƙofa.

Washegari Malam Jafaru yana zaune a ofis ya hango Nomau ta taga, tsaye a tsakar fili ya yi wa idonsa inuwa da hannu yana duban rana. Ya daɗe a haka, mutane suna wucewa suna kallonsa. Can ya sauke hannu, ya karkaɗe ƙafarsa, ya zo bakin ƙofa ya yi sallama ya durƙusa. 

"Kawu, yanzu ta cika."